Renon dashen itatuwa don farfaɗo da gandun daji: tambayoyin da masu lambu a Arewacin Kamaru suka fi yi

Kowace shekara, da hunturu ya fara janye jiki, tambayoyin nan ne ke dawowa daga bakin masu renon dashe a Marwa, Mokolo, Kaele, Gidar da Garwa, har da 'yan'uwa na ƙetaren kogin Lagone da ke wannan aiki a Njamena. Wasu tsofaffin hannu ne, wasu kuwa matasa ne da mata da suka haɗa ƙungiya bana suka ji an ce hukuma na sayen dashe. Mun jera tambayoyin daga na farkon shiga zuwa na waɗanda suka riga suka ɗanɗana asara.

Ina renon mangwaro da gwaiba ina sayarwa. Renon dashen gandun daji ba abu ɗaya ba ne?

Leda ɗaya ce, ƙasa ɗaya ce, amma makomar dashen ba ɗaya ba ce. Mangwaron da ka sayar wa Alhaji zai shiga gida mai katanga, yaro zai ba shi ruwa safe da yamma, akuya ba za ta gan shi ba. Dashen gandun daji kuwa, ranar da aka sa shi a rami ya gama ganin gata. Ruwan sama na wata biyu ko uku zai sha, daga nan ya fuskanci wata bakwai ko takwas na rani, da iskar hunturu, da zafin Maris da Afrilu wanda ke haura digiri 40 a Marwa da Kusiri.

Saboda haka kyan ganye ba shi ne abin dubawa ba. Mai sayen mangwaro tsayi da koren ganye ke burge shi. Mai dashen daji gajere yake nema, mai kaurin wuya, mai saiwa lafiyayya wadda ba ta nannaɗe ba. Duk abin da za a faɗa a ƙasa, daga haɗin ƙasa zuwa rage ruwa, wannan ne dalilinsa.

Dajin na wane ne, kuma wa ke sayen dashen?

Dokar gandun daji ta Kamaru ta 1994 ta bambanta gandun gwamnati, da gandun kwamin, wato ƙaramar hukuma, da gandun al'umma wanda ƙauye ke riƙewa bisa yarjejeniya, fili da bai wuce hekta 5,000 ba. A 2024 an fitar da sabuwar doka da ta maye gurbinta, don haka kafin ka sa hannu a wata takarda, ka leƙa ofishin ma'aikatan gandun daji na yankinka. Ma'aikatar da ke kula da dazuzzuka da namun daji ita ce MINFOF, ta muhalli kuma MINEPDED. Akwai kuma ANAFOR, hukumar da aka kafa a 2002 don tallafa wa aikin dashe. Tun 2012 aka miƙa wa wasu kwaminoni kula da tsofaffin gandaye, shi ya sa yanzu magajin gari kan zama babban mai saye.

Shirin dashen da mutanen jihar Arewa Mai Nisa ta Kamaru suka fi sani shi ne Sahel Vert, wanda aka fara tun zamanin Ahmadu Ahijo, ya yi barci, aka tayar da shi a 2008. A wajen Cadi, a shekarar nan ta 2008 aka fara dasa koren zoben itatuwa da ya kewaye Njamena, kuma Cadi na cikin ƙasashe 11 na Babbar Koriyar Ganuwa, wato shirin dashe don tare hamada da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007. Bayan waɗannan sai ƙungiyoyin agaji, makarantu, da manoma masu shingen gona. A kan yadda ake ƙulla ciniki da su, duba amsa ta ƙarshe.

Wane wata ya kamata in fara?

Kada ka ƙirga daga ranar da ka sami kuɗin leda. Ka ƙirga da baya daga ranar dashe. A ƙasar Marwa, inda ruwan shekara yake wajen milimita 800, damina ba ta zama da gindinta sai cikin Yuli. Garwa, mai wajen milimita 1,000, takan riga ta da makonni. Kusiri da Njamena sukan yi jira, kuma daminarsu gajera ce.

Gawo, bagaruwa, dakwara da zogale wata uku zuwa huɗu ya ishe su a leda, wato shukar Maris ko farkon Afrilu. Maɗaci da tsamiya masu nawa ne, suna son wata biyar, shida ko fiye, sai a fara su tun Janairu ko Fabrairu. Tara iri, tankaɗe ƙasa da ruɓar da taki kuwa aikin kaka da hunturu ne. Wanda ya zo cikin Mayu yana tambayar inda ake sayar da leda, amsarsa ita ce ba a fafe gora ranar tafiya. Shukar wuri ma tana da nata aibi: gawon da ya yi wata shida a leda ya lalace ta ƙasa ko da samansa na sheƙi (duba tambayar saiwa).

A ina zan kafa lambun, kuma ruwa nawa zan buƙata?

Inda ruwa ba ya yankewa a Afrilu da Mayu. Wannan kaɗai ne sharaɗin da ba shi da madadi. Rijiyar da ke cike a Janairu ba shaida ba ce. Tambayi matan unguwa yadda take a ƙarshen bazara. Yi lissafi tun kafin ka cika leda ko ɗaya: a ce kowace leda ta sha kashi ɗaya cikin goma na lita a yini, leda 10,000 lita 1,000 ke nan, wato duro 5 masu cin lita 200, ko jarka 50 masu lita 20, kullum, babu Juma'a babu Sallah. In famfon unguwa za ka dogara da shi, ka shirya rigima da masu ɗiban ruwan sha.

Filin ya zama shimfiɗaɗɗe amma ba kwari ba, kada ruwan farko ya kwashe maka aikin wata huɗu. A kewaye shi da shinge tun ranar farko, na waya ko na ƙaya, a kafa zana ta gabas da arewa saboda iska. Jeren leda kada faɗinsa ya wuce mita ɗaya, yadda hannu zai kai tsakiya daga kowane gefe, a bar hanyar da baro zai bi. Kusanci da filin dashe ma riba ne, domin hanyoyinmu a Agusta kowa ya san su.

Waɗanne itatuwa zan rena?

Ƙasar da za a dasa ita ke zaɓa, ba kai ba. A jigawa da ƙasa mai yashi, dakwara ce gaba: tana jure fari, tana gyara ƙasa, kuma bayan shekara huɗu ko biyar takan fara ba da ƙaro, wanda Cadi ke cikin manyan masu fitar da shi a duniya bayan Sudan. A laka mai tsagewa irin ta karal, inda ake dashen masakwa, dushe da bagaruwa ne ke jure kwanciyar ruwa. Bagaruwa tana da kasuwa a gida, tunda majeman Marwa da ita suke jima. Aduwa, magarya da kurna ba su da saurin girma, amma in sun kama sun kama, kuma yara da awaki za su ci moriyarsu. Gawo na gefen gonaki ne da ƙasa mai zurfi, shi da ke zubar da ganye da damina ya bar gero ya sha rana, ya yi kore da rani lokacin da dabba ba ta da abin ci.

In aka gangara kudu, wajen Garwa da bakin Binuwai, sai a ƙara maɗaci, marke, ɗorawa, kirya, tsamiya da yazawa. Maɗaci itacen katako ne na gaske, amma wata tsutsa na huda kan tohonsa ta sa ya yi rassa tun yana ƙarami, makiyaya na sassabe ganyensa, masu magani na ɓare bawonsa. Wanda zai dasa shi ya san da haka.

Shawarata ita ce kada lambu ya zama na iri ɗaya, ko da mai saye iri ɗaya ya ambata. Dajin da aka sani a Zamay ko Mozogo-Gokoro ba jeren itace ɗaya ba ne. Kuma a tambayi dattawan ƙauyen me ke tsaye a filin kafin a sare shi. Sau da yawa jerin da za su ba ka ya fi wanda aka rubuto daga ofis.

To darbejiya da turare fa? Su kowa ke nema.

Darbejiya ta yi wa garuruwanmu rana, wanda ya taɓa tafiya a titunan Marwa da tsakar rana ba ya buƙatar a gaya masa. Asalinta daga Indiya da maƙwabtanta ne. Akuya ba ta cika damunta ba, tana tohowa in an sare, shi ya sa masu shiri ke son ta: ita ke fitar da su kunya ranar ƙirga. Amma ba ta son inda ruwa ke kwanciya, kuma fili mai darbejiya zalla inuwa ce da itacen wuta kawai, ba kiwo, ba abinci.

Itacen turare na ba da sandunan rufi miƙaƙƙu, yana da kuɗi, sai dai mashayin ruwa ne kuma gara na son ƙaraminsa. A ajiye shi a bakin fadama, nesa da rijiya da gonar mutane. Ita kuwa ƙayar nan ta waje da ake kira Prosopis, wadda ta mamaye wurare a bakin tafkin Cadi, kada ka rena ta ko an roƙe ka, sai in ma'aikatan gandun daji sun ce ga dalili.

A ina ake samun iri mai kyau?

Mafi yawa a daji, da hannunka. Kuskuren da aka fi yi shi ne a sami gawo ɗaya a bayan gari mai yawan 'ya'ya a cika buhu a ƙarƙashinsa. Dashe dubu biyar 'ya'yan uwa ɗaya, in cuta ta zo, tare za su tafi. Ƙa'idar masu aikin ita ce a ɗiba daga uwaye 25 zuwa 30 aƙalla, masu tazara da juna, lafiyayyu, daga ƙasa mai kama da inda za a dasa. Irin da aka kwaso daga Ngaundare mai yawan ruwa ba zai ji daɗin Mora ba. Cibiyar binciken noma ta IRAD a Marwa da ofisoshin gandun daji wurare ne da za a nemi shawara a kan iri.

Wajen ajiya, iri kashi biyu ne. Masu taurin ɓawo, su gawo, bagaruwa, kuka, tsamiya, suna shekara in an busar da su a inuwa, aka zuba a kwalba ko jarka mai murfi da ɗan toka saboda ƙwaron da ke huda su. Kashi na biyu ba sa jure ajiya: irin darbejiya makonni kaɗan yake yi ya mutu. A wanke naman a shanya a inuwa a shuka nan da nan. Maɗaci ma ba ya son jira. Kaɗanya ta fi kowa gaggawa, kuma ita da giginya gara a binne su kai tsaye a inda za su zauna, domin saiwarsu ba ta zaman leda.

Na shuka bagaruwa da gawo, yau mako uku, ɗaiɗai suka tsiro. Irin ne ya mutu?

Da wuya. Ɓawon ne ya hana ruwa shiga. A daji, cikin akuya da saniya ne ke yi masa wannan aiki, shi ya sa za ka ga bagaruwa ta tsiro cunkus a tsohon garke. A lambu, ka tafasa ruwa, ka sauke daga wuta, ka zuba irin, ka bar shi ya kwana a ciki har yini guda. Ba dafawa za ka yi ba. Wanda ya kumbura ka shuka a ranar, wanda bai kumbura ba ka maimaita masa. In irin ba shi da yawa, ɗan yanke gefen ɓawon da abin yankan farce ko ka goga a dutse, a ɓangaren da ba na idon tsiro ba. Kuka ma haka take so.

Dakwara da tsamiya jiƙon ruwan sanyi na kwana ɗaya ya wadatar. Darbejiya, maɗaci da zogale ba sa buƙatar komai. Irin turare kamar gari yake, ba a zuba shi a leda kai tsaye. A gauraya da yashi a yayyafa a ɗan fangali mai inuwa, in ya yi ganye huɗu a tsige a mayar leda da yamma. A cibiyoyin bincike ana amfani da asid, amma wannan ba aikin gida ba ne, yana cin fata yana makanta ido.

Zurfin shuka kada ya wuce ninki biyu na girman ƙwayar. Sa biyu ko uku a leda, in sun tsiro ka bar mai ƙarfi ɗaya. Tausayin cire na biyun shi ke haifar da ramammu biyu.

Wace ƙasa ake cika leda da ita?

Haɗin yashi, ƙasar gona ta sama, da ruɓaɓɓen taki. Awon ya danganta da ƙasarku, amma gwajin ɗaya ne: jiƙa haɗin ka dunƙula a hannu. In ya dunƙulu, ka taɓa shi da yatsa ya wargaje, ya yi. In ya zama kamar na ginin tukunya, ƙara yashi. In ya ƙi dunƙuluwa, ƙara ƙasa. Yashin mayo, wato kogi, irin na Kaliyawo da Tsanaga a Marwa, yana da kyau in an tankaɗe. Lakar karal zalla takan daskare ta shaƙe saiwa.

Taki ɗanye yana ƙona tsiro yana kiran gara, kuma cike yake da irin ciyawa. A tara shi tun kaka, a riƙa jiƙawa ana juyawa. Wani abin da tsofaffin hannu ke yi: su ɗebo 'yar ƙasa daga gindin babban gawo ko dakwara su barbaɗa a haɗin, domin akwai ƙananan halittu a cikinta da ke zama a saiwar waɗannan itatuwa suna samar musu da abinci daga iska.

Zan iya amfani da ledar ruwan sha maimakon baƙar leda?

Za ka iya, ga itatuwan wata uku, in ka huda gindin. Gajarta ce matsalarta, ga shi haske na ratsa ta, rana kuma na farfasa ta. Ga gawo da maɗaci nemi doguwa. Ko wace iri ce, a tattara ta bayan dashe. Ledar da aka bari a fili cikin tumbin saniya take ƙarewa.

Tsiron na fitowa lafiya, sai ya ruɓe a wuya ya kwanta. Me ke kawo haka?

Ruwa ya yi yawa, inuwa ta yi duhu, iska ba ta ratsawa. Cutar ruɓewar wuya ke nan, kuma tana bin jere kamar wutar kara. Cire waɗanda suka kamu da ledarsu, rage ban ruwa, ɗaga rumfar ta kai tsayin ƙirji, ka sassauta zanar. Ban ruwa da sassafe da kuma bayan la'asar ake yi, da bokiti mai rariya a baki, ba da kwano ba.

Sauran maƙiyan ana ganinsu da ido. Gara: toka da dakakken ganyen darbejiya a ƙarƙashin jere, a kuma kwashe busasshen kara daga wurin. Ɓera na tone irin da aka shuka da dare. Kwaɗi na haƙa su kwanta a leda mai sanyi. Fara da kaji na son sabon toho. In za a kai ga maganin feshi, a tambayi malamin gona. Wanda aka saya don auduga ba a zuba shi da ka a kan tsiron mako biyu.

Saiwa ta huda leda ta shiga ƙasa. In bar ta?

A'a, kuma wannan ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci a shafin nan. Itatuwan ƙasarmu saiwa suke fara yi kafin kai. Gawo mai tsawon taƙi ɗaya yana iya samun saiwar da ta ninka shi. In ta kama ƙasan lambu, dashen zai yi kyau ƙwarai, ya fi na kusa da shi tsayi, har ka riƙa nuna wa baƙi. Ranar ɗauka sai a fizge, saiwar ta tsinke, ya yi yaushi kafin a kai fili.

Maganin shi ne ɗaga kowace leda a matsar da ita duk bayan mako biyu, a datse abin da ya leƙo da wuƙa mai kaifi, a yi da yamma, a ba da ruwa nan take. Aiki ne mai cin baya, shi ya sa ake gudunsa. Wasu na shimfiɗa leda mai kauri a ƙarƙashin jeren, yana taimakawa amma bai ɗauke matsarwar ba.

Akwai kuma saiwar da ba ta fita ba, ta yi ta zagaye a gindin leda kamar gammo. Irin wannan itace yakan rayu shekara biyu ko uku, sannan ya tsaya cak ko iska ta kayar da shi, ba wanda zai tuna cewa a lambu aka cuce shi. Shi ya sa ranar dashe ake yanke gindin ledar da kaurin yatsa ɗaya ko biyu, a tsaga gefe, a zare ledar ba tare da ƙasar ta wargaje ba.

Gaskiya ne ana rage wa dashe ruwa kafin a kai shi daji?

Gaskiya ne. Mako uku ko huɗu kafin dashe a fara janye rumfa har ya saba da rana tsirara, ban ruwa ya koma sau ɗaya, daga baya a riƙa tsallake yini. Ya ɗan ji jiki amma kada ya bushe. Daren da za a ɗauka kuwa a shayar da shi sosai. A nan ne kuma ake tankaɗe: ramamme, mai lanƙwasa, mai cuta, duk a fitar. Ramin da aka sa ragon dashe an yi asarar haƙarsa da shekara guda.

Guda nawa ake buƙata a hekta?

Tazarar mita 4 da 4 na cin 625. Mita 5 da 5 na cin 400, mita 3 da 3 kuma 1,111. Gawo a cikin gona, mita 10 da 10, guda 100 ne. A ƙasa mai ƙarancin ruwa, tazara mai faɗi ta fi. A kan abin da aka ƙirga, masu reno kan ƙara kamar kashi 20 cikin 100 saboda wanda ba zai tsiro ba, da wanda za a fitar, da cike gurbi. Fili mai hekta 10 a tazarar 4 da 4, dashe 6,250 ne, sai ka cika leda 7,500.

An ce mu kawo dashe ranar bikin muhalli a watan Yuni. Lokacin ya yi?

Ranar 5 ga Yuni ta muhalli ce a duniya, 17 ga Yuni kuma ta yaƙi da hamada. Ranaku ne na jawabi da hoto, kuma ba laifi manya su dasa goma ko ashirin a harabar makaranta inda za a ba su ruwa. Amma a kai dubbai daji a ranar, a Arewa Mai Nisa, sau da yawa kisa ne. Ruwan farko kan sauka ya ɗauke na kwana goma ko fiye. Manomi ya san wannan, shi ya sa yake tona ƙasa ya ga inda laima ta kai. Kai ma tona: in laimar ta kai zurfin ramin dashe, kuma ruwa na biyo juna, lokaci ya yi. Jinkiri zuwa ƙarshen Agusta shi ma asara ne, domin saiwa ba za ta yi nisa ba kafin ruwa ya ɗauke.

Ramukan a haƙa su tun kafin ranar, kamar santimita 40 ta kowane gefe. A faƙo irin wanda Fulani ke kira harde, inda ruwa ke gudu ba ya shiga, rami kaɗai ba ya isa. Sai an yi haƙa mai siffar rabin wata, bakinsa na kallon inda ruwa ke gangarowa. Wajen lodi a riƙe leda, ba wuyan dashe ba, a rufe motar ko amalanken daga iska.

Me ya sa ake dasa dubbai kowace shekara, bayan shekara biyu ba a ganin komai?

Domin ranar dashe ake ƙirga, ba a komawa a watan Afrilu. Abin da ke cinye dashe sananne ne: awaki da shanu da rani, wutar daji bayan kaka, gara, da ciyawar da ta rufe shi a daminar farko. Ba ɗaya a ciki da ya fi ƙarfin mutane. Maganinsu shi ne shinge, mai gadi da ake biya a kan lokaci, noman gindi sau biyu, share hanyar tare wuta a kewaye tun Oktoba, da cike gurbi a damina ta biyu. Kuɗin wannan ya fi na dashen, kuma shi ake fara yankewa in kasafi ya gaza.

Inda aka ɗauki abin da gaske ana ganin bambanci. Sansanin 'yan gudun hijira na Minawao, kusa da Mokolo, wanda aka buɗe a 2013, ya cinye itatuwan kewayensa cikin 'yan shekaru. Daga baya aka kafa lambunan reno a ciki, mazauna wurin ke aikin, aka kuma gwada wani mazubi na takarda mai kamar gammo da ke riƙe ruwa lita 25 a gindin dashe. Mazubin ya taimaka, amma a ganina abin da ya fi shi aiki shi ne masu dashen a nan suke kwana, kuma an haɗa da samar musu abin girki da ba itace ba. Sahel Vert ma ya haɗa da rabon murhu mai tsimin itace saboda wannan dalili: matar da ba ta da abin hura wuta ba za a hana ta shiga gandu da allon sanarwa ba.

Makiyaya na cewa an tare musu hanya. Ina ruwan mai lambu da wannan?

Da ruwanka, tunda dashenka ne za a cinye. Filin da takarda ta kira fanko, sau da yawa burtali ne ko makiyayar rani ta wani. Kafin a kafa waya a zauna da lamido ko lawan, da jauro, da arɗo, da matan da ke itace a wurin, a bar hanyar mashaya, a yarda a kan shekarun da za a tsare da ranar da za a buɗe a yanki ciyawa. Gandun da ciyawarsa ke zuwa ga mutanen gari yana da masu gadi da yawa. Liman ma yana da abin faɗa: hadisi ingantacce ya ce musulmin da ya dasa itace, mutum ko tsuntsu ko dabba ta ci daga gare shi, sadaka ce a gare shi.

Ana ta maganar renon kututture a gona. Wannan ba zai kashe mana kasuwa ba?

Abin da mutanen Nijar ke kira sassaben zamani ke nan: a bar tohon da ke fitowa daga tsohon kututture, a rage shi zuwa ɗaya ko biyu, a tsare. Daga ƙasar Maraɗi ya bazu tun 1983, tare da aikin Tony Rinaudo, masanin noma ɗan Ostiraliya, da manoman wurin, ya kai miliyoyin hekta. A nan Kamaru ma, cikin shekarun 1990, wani shiri a ƙarƙashin kamfanin auduga na Sodecoton ya riƙa ba manoma ɗan tukuici don su bar ƙananan gawo a gonakinsu. Tohon da ke kan tsohuwar saiwa ya fi duk abin da za ka rena saurin girma, gaskiya ce ko ba ta yi daɗi ba. Inda akwai kututturen sabara, kalgo, geza ko gawo, a fara da su. Aikin lambu yana inda ƙasa ta mutu babu abin tohowa, da kuma dawo da irin da suka ɓace a wurin, kamar maɗaci, tsamiya, ɗinya da kanya.

Yaya zan yi kada a bar ni da dashe a hannu?

Kada ka cika leda dubbai a kan maganar baki. Ni kaina na taɓa yi: wata ƙungiya ta ce in tanadi dakwara, na ci bashin leda da na ruwa, Yuli ya zo ya wuce ba wanda ya ɗaga waya. Haihuwar guzuma aka yi, ɗa kwance uwa kwance. Nemi takarda da ta faɗi iri, adadi, tsayi, ranar ɗauka, wanda zai biya mota, da kafin alƙalami tun lokacin cika leda. Hukumomi sun fi mu'amala da ƙungiya mai rajista, GIC (ƙungiyar haɗin gwiwa) ko kwafaratif, kuma biyansu kan yi jinkiri, saboda haka a haɗa da mangwaro, lemo, gwaiba da zogale waɗanda ke kawo kuɗin yau da kullum. Riƙe littafi: ranar shuka, inda aka ɗebo iri, nawa suka tsiro, nawa suka fita, ina aka kai su.

In duk da haka wasu sun kwana, kada ka ajiye gawo, dakwara ko bagaruwa zuwa baɗi, dalilin yana cikin amsar saiwa. Ka ba makaranta, masallaci, maƙabarta ko maƙwabcin da ke son shinge tun ana ruwa. Maɗaci, tsamiya da darbejiya ana iya juye su a babbar leda a ci gaba da datse saiwa, baɗi su tafi a matsayin dashen bakin titi.